Tsiraici a Matsayin Tufa: Surar Namiji a Fasahar Turai Daga Ƙarni na 15 Zuwa na 18

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin zane da sassaƙa a kwalejin horon malamai ya san abin da kan faru in aka zo babin Italiya. Da zarar an buɗe littafi, hoton wani ƙaton mutum-mutumi ya bayyana zindir, sai aji ya yi tsit, wasu su sunkuyar da kai, wasu su yi ta ƙunshe dariya, can sai wani ya yanke hukunci, ya ce ai su Turawa dama can ba su san kunya ba. Shi kuwa malami, don gudun fitina, sai ya yi maza ya juya shafi. Ta haka ɗalibi kan fita aji bai san dalilin da ya sa aka yi waɗannan surori ba, bai kuma san cewa su kansu masu abin sun shafe ƙarnuka suna ta-da-jijiyar-wuya a kansu ba. Ko a cikin watan Maris na 2023 sai da shugabar wata makaranta ta birnin Tallahassee, a jihar Florida ta Amurka, ta rasa kujerarta bayan wasu iyaye sun yi ƙorafi a kan an nuna wa yaransu hoton mutum-mutumin Dawuda na Mikelanjelo.

Manufar wannan takarda ita ce ta dubi surar namiji marar tufa a fasahar Turai, tun daga farkon ƙarni na 15 zuwa ƙarshen na 18, musamman a Italiya inda abin ya yi ƙarfi. Abin da muke son nunawa shi ne, masu fasahar wannan zamani sun ɗauki tsiraici ne tamkar wata riga ta alfarma da suka aro daga Girkawan dā, suna yafa ta ga wanda suke son ɗaukakawa. Za mu ga yadda rigar ta yi ta yagewa a hannunsu, sa'an nan mu ga wane ne aka yarda ya sa ta, wane ne kuma aka hana.

Kafin mu shiga ciki akwai abubuwa biyu da ya kamata mu share. Na farko maganar kalmomi ce. Wani masani ɗan Ingila, Kenneth Clark, ya fitar da littafi a 1956 inda ya raba tsiraici gida biyu: na mutumin da aka tuɓe, wanda ke jin kunya, da kuma na jikin da fasaha ta sake ƙerawa har ya daina neman sutura. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba. Wanda talauci ya hana wa riga huntu ne, abin tausayi. Amma ɗan kokawar da ya tuɓe riga ya shiga fage, daga shi sai warki, ba wanda zai kira shi huntu, domin tuɓewar nan ita ce shigarsa ta aiki. Sai dai a ganinmu Clark ya ja layin nan da tsabta fiye da yadda tarihi ya ja shi, kamar yadda za mu gani. Na biyu, da yawa daga surorin nan masu su sun laƙaba musu sunayen Annabawa. Mun san matsayin Musulunci a kan siffanta Annabawa, ba kuma shi ne batun wannan takarda ba. In muka ce “Dawuda” muna nufin dutsen ko tagullar da aka sa wa wannan suna, ba Annabin Allah ba, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

2. Inda Aka Aro Rigar

Samarin Girkawa tsirara suke motsa jiki, tsirara kuma suke gasar gudu da kokawa. Amma yaƙi da sulke da kwalkwali suke zuwa, duk da haka masassaƙansu kan nuna jarumi a fagen fama ba ko zare a jikinsa. Wato ke nan tun a can ma abin ƙa'idar fasaha ce, ba hoton rayuwa ba. Wajen shekara ta 440 kafin haihuwar Annabi Isa wani masassaƙi mai suna Polykleitos ya tsara awon da ya kamata kowace gaɓa ta samu in an gwada ta da sauran, ya kuma daidaita irin tsayuwar nan da mutum kan ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, ya saki ɗayar, kwankwaso ya karkace kaɗan. Daga baya Vitruvius, magini Barome, ya rubuta cewa kai kashi ɗaya ne cikin takwas na tsawon mutum, kuma in mutum ya miƙe hannuwa da ƙafafu zai shiga cikin da'ira da murabba'i daidai. Wannan bayani ne Liyonado da Binci ya zana wajen 1490, zanen da ke ajiye yau a birnin Benis.

A ƙarnukan da suka biyo bayan faɗuwar daular Roma, tsiraici a zanen majami'u ya koma alamar ƙasƙanci: Adamu da Hauwa'u bayan sun yi saɓo, matattu ranar tashi, 'yan wuta a hannun shaiɗanu. Ko Masaccio, wanda ya zana korar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna a bangon majami'ar Karmine ta birnin Filorans wajen 1425, jikin da ya ba Adamu mai ƙarfi ne ƙwarai, amma ya rufe fuska da tafukansa yana kuka. Wannan huntu ne.

Abin da ya sauya al'amari shi ne komawar masanan Italiya ga littattafai da gumakan mutanen dā, a zamanin da ake kira na farfaɗowa. A littafinsa kan zane, na 1435, Alberti ya shawarci mai zane ya fara jera ƙasusuwa, ya ɗora tsoka, ya lulluɓe da fata, sai daga ƙarshe ya sa tufafi. Ba da daɗewa ba, wajen shekarun 1440, Donatello ya zuba Dawudansa na tagulla, mai tsawon santimita 158, wanda masana suka ɗauka shi ne mutum-mutumi marar tufa na farko mai tsayuwa da kansa da aka yi a Turai cikin shekaru kusan dubu. Yaro ne siriri, mai laushin jiki, ya taka kan Jaluta, amma ga malafa a kansa ga takalma har ƙwauri. Malafar nan da takalman su suka ɓata lissafi, domin suna tuna wa mai kallo cewa akwai sauran kayan da aka cire. Mu lura kuma, shi wannan Donatello ya taɓa sassaƙa Dawuda na dutse a 1408 da rigarsa, haka Verrocchio ya yi nasa da riga daga baya. Saboda haka ba labarin ne ya tilasta tuɓewar ba, zaɓi ne.

3. Ƙaton Filorans

A 1501 hukumar ginin babbar majami'ar Filorans ta danƙa wa Mikelanjelo, yana ɗan shekara 26, wani dogon farin dutsen marmara na Karara wanda masassaƙa biyu suka taɓa suka bari, ya yi kusan shekara 40 a yashe. Ya gama aikin a 1504. Tsawonsa ƙafa 17, wato mita 5 da 'yan kai, har mutanen gari suka riƙa kiransa “Ƙato”. Abin dariya ne in aka tuna cewa yaron da ya kashe ƙato ake nufi.

Nufin farko shi ne a ɗora shi can sama a jikin majami'a, kuma galibi da wannan ake bayyana dalilin girman kansa da na hannunsa na dama, waɗanda suka zarce awo. Amma da aka ga abin da ya fito, sai aka tara kwamiti na wajen mutum 30 a ranar 25 ga Janairu 1504, har da Liyonado da Botticelli, aka yi shawarar inda za a ajiye shi. Daga ƙarshe aka kafa shi a ƙofar fadar gwamnati. A lokacin shekara goma ke nan da Filorans ta kori gidan Medici ta koma jamhuriya, ga maƙiya ta kowace kusurwa. Ƙaramin gari da ke tsakanin manya ya ga kansa a jikin makiyayin da ya tunkari ƙato da majajjawa. Daga abin ibada mutum-mutumin ya zama tutar siyasa. An yi kwana huɗu, da mutum 40, ana jan sa daga ma'aikata zuwa dandali, kuma wani mai kantin magani, Luca Landucci, ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa da dare an jefe shi da duwatsu, har sai da aka sa masu gadi.

In muka ƙura wa aikin ido za mu ga Mikelanjelo ya kwashe kusan dukkan alamomin labarin. Babu takobi, babu kan Jaluta, majajjawar ma sai an zagaya baya ake ganinta sosai. Abin da ya rage jiki ne kaɗai, kuma jikin ne ke ba da labari: ƙafar dama ta kafe, jijiyoyin bayan hannu sun tashi, wuya ya murɗe, goshi ya tattare, alhali ciki da ƙirji suna kwance lafiya lau. Mutum ne a daidai lokacin da ya gama shawara bai riga ya motsa ba. A nan lalle Mikelanjelo ya cancanci yabon da ake yi masa, domin ya sa tsoka ta yi aikin da a dā sai fuska ko rubutu ke yi.

Amma akwai abu guda da ke tona asirin aikin. Wannan da aka ce sarkin Bani Isra'ila ne, an sassaƙa shi ba kaciya. Mikelanjelo, wanda ya feɗe gawarwaki a asibitin gidan ibadar Santo Spirito tun yana ɗan shekara 17 ko 18, ba jahiltar jikin mutum ya yi ba, ba kuma jahiltar Attaura ya yi ba. Ya bi gumakan Girkawa ne, waɗanda ke ɗaukar kaciya a matsayin naƙasa. Suna na Ibraniyawa ne, jiki na Girkawa, saƙo kuma na 'yan siyasar Filorans. Ba mu san wata hujja da ta fi wannan nuna cewa tsiraicin aro ne aka yafa masa ba.

Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A cikin shekarar da aka kafa shi hukumar gari ta biya aka ƙera wata ɗamara mai ganye 28 na jan ƙarfe aka ɗaura masa a ƙugu. Shekaru 350 bayan haka, da aka aiko wa Sarauniya Biktoriya kwafinsa na farar ƙasa a 1857, sai da gidan tarihin Landan ya ƙera ganyen ɓaure mai tsawon rabin mita, ana rataya masa in 'yan gidan sarauta za su zo. Adamun Masaccio ma an zana masa ganye a ƙarshen ƙarni na 17, ba a goge ba sai a gyaran shekarun 1980. Layin da Clark ya ja, mutanen Filorans na 1504 ba su gan shi ba.

4. Sa'ad da Tsoka Ta Zama Sana'a

Da jikin namiji ya zama ma'aunin gwaninta, sai masu zane suka shiga neman dalilin tuɓe mutane ko da babu dalili. Antonio Pollaiuolo ya karta wani zane a farantin jan ƙarfe wajen 1470, maza goma tsirara suna saran juna da takubba da gatura. Har yau ba a san wane yaƙi ba ne, kuma in aka duba sosai jiki ɗaya ne aka yi ta juyawa gaba da baya, kowace tsoka ta kumbura lokaci guda, abin da jikin ɗan Adam ba ya yi. Shi ma Mikelanjelo, da aka ba shi aikin zana nasarar da Filorans ta samu a kan Pisa a Kashina ta Italiya a 1364, sai ya bar fagen fama ya zaɓi lokacin da sojoji ke wanka a kogin Arno aka yi musu ƙararrawa. Liyonado, wanda ya ce shi kansa ya feɗe gawa fiye da 30, ya soki irin wannan zane a rubuce-rubucensa, ya kamanta jikin da buhun da aka cusa wa ƙwallayen 'ya'yan itace. Muna tare da shi a kan wannan, musamman game da mabiyan Mikelanjelo na tsakiyar ƙarni na 16, waɗanda suka gaji kumburin ba su gaji dalilinsa ba.

Abin har ya shafi surar mata. Yaran shago su ake tuɓewa a zana, saboda haka zanen gwaji da Mikelanjelo ya yi na bokanyar Libiya, wadda ke rufin ɗakin ibadar Sistina, bayan saurayi ne da damatsansa, daga baya aka ɗora masa kitso da riga. Can arewa kuwa, Albrecht Dürer na Jamus ya ba Adamunsa na 1504 tsayuwar gunkin Apollo na fadar Paparoma, ya kuma kwashe shekaru yana awon jiki, aikin da aka buga a 1528 bayan rasuwarsa. Sai dai shi wannan Dürer ya bar wani zane na kansa tsirara, yana nan a Weimar, ramamme, ya ranƙwafa, ido zuru-zuru. Da ya zo kan jikinsa sai ya ajiye ma'auni. A wurinmu wannan ɗan zane ya fi Adamun gaskiya nesa ba kusa ba.

Makarantun fasaha su suka mayar da abin doka: ta Filorans a 1563, ta 'yan gidan Carracci a Bolonya a 1582, ta Faris a 1648. A ta Faris namiji kaɗai ake tsayarwa a zana, kuma wanda bai ƙware a nan ba ba zai taɓa babban zane na tarihi ba, wanda shi ne mai daraja da kuɗi. Mata kuwa an hana su shiga ɗakin. A zanen da Zoffany ya yi wa 'yan makarantar sarauta ta Landan a 1772, maza sun kewaye mutum biyu da ake shirin zanawa, su kuwa mata biyu da ke cikin waɗanda suka kafa makarantar, Angelica Kauffman da Mary Moser, sai hotunansu aka rataya a bango. Linda Nochlin ta kafa hujja da wannan hani a 1971, wajen amsa masu tambayar me ya sa tarihi bai cika ambaton manyan masu zane mata ba.

5. Maganar Sha'awa

Littattafan makaranta kan tsallake wannan babi, amma tsallakewar ba ta da amfani. Vasari ya ba da labarin wani zanen waliyyi Sebastiyan, shahidin da aka ɗaure aka harbe da kibau, wanda Fra Bartolomeo ya yi wa majami'ar San Marco wajen 1514. Limaman coci suka gano, daga ikirarin zunubi da mata ke yi a gabansu, cewa kallon zanen na jefa su cikin saɓon zuciya, sai aka ɗauke shi daga majami'ar. Ba kuma mata kaɗai ba. Daga 1432 zuwa 1502 Filorans tana da kotu ta musamman, ta Jami'an Dare, don shari'ar luwaɗi. Michael Rocke, wanda ya bi takardunta ya buga sakamakonsa a 1996, ya ƙiyasta an tuhumi maza wajen 17,000, an hukunta wajen 3,000, a garin da mutanensa ba su wuce 40,000 da yawa ba. Liyonado kansa an kai ƙararsa a 1476, aka kori ƙarar. Wannan ba ya nufin kowane mutum-mutumi saƙon ɓoye ne, kuma muna ganin wasu marubutan baya-bayan nan sun wuce gona da iri wajen karanta zuciyar matattu. Amma a irin wannan gari, mai kallon Dawudan Donatello, da gashin tsuntsun kwalkwalin Jaluta da ya hau ta cikin cinyarsa, ba lissafin Vitruvius kaɗai yake gani ba. Mai wa'azi Savonarola ya san haka. A wutar da mabiyansa suka hura a 1497 don ƙona kayan alatu, Vasari ya ce har masu zane sun kawo zanensu na tsiraici da hannunsu sun jefa.

6. Rikicin Sistina

Inda rigar ta yage gaba ɗaya shi ne ɗakin ibadar Paparoma. A rufin da Mikelanjelo ya zana daga 1508 zuwa 1512 akwai samari 20 tsirara, zaune a kusurwoyin labaran halitta. Ba mala'iku ba ne, ba Annabawa ba ne, ba su cikin kowane nassi. Iyakar aikinsu riƙe faifai da damin ganyen itacen da ke tambarin gidan Paparoma Juliyas na Biyu. An haƙura da su, ko da yake an ce Paparoma Adriyan na Shida ya kira rufin gidan wanka. Amma da aka yaye zanen Ranar Hisabi a 1541, bango guda cur a bayan bagade, mai surori fiye da 300, akasarinsu ba sutura, har da waliyyai da manzanni, sai magana ta fito fili. Biagio da Cesena, mai kula da tsarin bukukuwan fada, ya ce wannan ya fi dacewa da gidan wanka ko mashaya. Mikelanjelo ya rama ta hanyar ɗora fuskarsa a kan alƙalin wuta, da kunnen jaki, maciji ya naɗe shi.

Hujjar masu kare aikin ita ce ranar tashin ƙiyama ba wanda zai tashi da riga, kuma kyawun jikin da aka tayar shaida ce ta ikon Mahalicci. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai zamani ya juya. Tun 1517 Martin Luther ya ta da ƙura, 'yan Furotesta na zargin Roma da bautar gumaka, a wasu garuruwan arewa ma ana farfasa surorin coci. Majalisar malaman Katolika da ta zauna a Tarento ta zartar a Disamba 1563 cewa a kawar da duk abin da ke motsa sha'awa daga surorin ibada. A Janairu 1564 aka yanke a suturta bangon. Mikelanjelo ya rasu ranar 18 ga Fabrairu. Wanda aka ba aikin abokinsa ne kuma almajirinsa, Daniele da Volterra, wanda tun daga nan aka laƙaba masa sunan “mai ɗinkin wanduna”. Yawanci ƙyalle kawai ya zana a kan al'aura, amma surar waliyyai Katarina da Bilasiyus sai da ya kankare yaɓen ya sake su. In ba don kwafin da Marcello Venusti ya yi a 1549 ba, wanda ke Napoli, da ba mu san yadda bangon yake da fari ba. A gyaran 1990 zuwa 1994 an cire wasu ƙyallayen da aka ƙara daga baya, aka bar na Volterra, bisa cewa su ma sun zama tarihi.

Wanda ya fi ba mu tausayi a wannan rikici shi ne Bartolomeo Ammannati, mai ƙaton gunkin teku da ke dandalin Filorans, 'yan taku kaɗan daga inda Dawuda ya tsaya. A 1582, da tsufa ya kama shi, ya rubuta wa makarantar fasaha ta garin wasiƙa a fili yana nadamar surorin tsiraicin da ya yi, yana gargaɗin matasa kada su bi sawunsa, domin shi ba shi da ikon janye nasa daga idon jama'a. Ɗalibin da ya ce Turawa ba su san kunya ba, wannan wasiƙa ya kamata a fara ba shi labarinta.

7. Wa Ke Sa Rigar?

Abin da aka kora daga majami'a bai rasa masauki a fada ba. Bronzino ya zana Andrea Doria, sarkin yaƙin ruwa na Jenowa, a siffar gunkin teku, tsoho mai furfura da ƙirjin saurayi, ƙyallen jirgi na zamewa daga ƙugunsa. Ba wanda ya zaci Doria ya tuɓe a gaban mai zane. Kai nasa ne, jiki na aro. Misalin da ya fi kowanne bayyana manufarmu shi ne mutum-mutumin tagulla na Sarki Sharl na Biyar, wanda Leone Leoni ya zuba a shekarun 1550, yana gidan tarihin Prado a Madrid. An ƙera wa sarkin sulke wanda ake iya kwancewa, in an cire shi sai ga jikin jarumin Girka a ciki. Sarki na da shiga biyu ke nan, ta ƙarfe da ta fata, ya zaɓi wadda ya so. Amma a ƙarƙashin ƙafafunsa akwai wani mutum, alamar fitinar da ya murƙushe, tsirara, ɗaure da sarƙa. Shi ba a ƙera masa komai ba.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Shekara 11 kacal kafin a kafa Dawuda, Kolumbus ya aiko da wasiƙarsa ta 1493 yana bayyana mutanen tsibiran da ya tarar da cewa tsirara suke yawo, kuma daga nan har ƙarnuka masu zuwa matafiyan Turai suka riƙa kafa hujja da rashin tufa wajen kiran mutanen Amurka da na Afirka marasa wayewa. Abu ɗaya ne, in yana jikin farin dutse a Roma ya zama kamala, in yana jikin mutum mai rai a gaɓar Gini ya zama dabbanci. Winckelmann, a littafinsa na 1764, ya ɗora gunkin Apollo a ƙololuwar kyau, ya kuma yabi farin dutse, alhali yanzu an tabbatar Girkawa fenti suke shafa wa gumakansu. Shekaru shida bayan haka likita Petrus Camper ya gabatar wa ɗaliban zane na Amsterdam awon karkatar fuska: Apollo digiri 100, Bature 80, Ba'afirke 70, biri 58. Adalci ne mu ce Camper da kansa ya yi imani asalin 'yan Adam ɗaya ne, amma jadawalinsa ya fi shi tsawon rai, masu wariyar launin fata na ƙarni na 19 suka yi ta yawo da shi. Awon da Polykleitos ya tsara don sassaƙa dutse ya koma awon mutane.

Ba ma sai mun je har 1770 ba. A bakin tashar jiragen ruwa ta Liborno akwai mutum-mutumin Ferdinando na Ɗaya, mai mulkin Taskani, na farin dutse, cikin cikakkiyar shigarsa ta shugaban mayaƙan ruwa. Tsakanin 1623 da 1626 Pietro Tacca ya ƙara masa bayi huɗu na tagulla a kusurwoyin dakalin, kusan tsirara, hannuwansu ɗaure ta baya, don tunawa da nasarorin da aka samu a kan jiragen Turkawa da na Arewacin Afirka. A garin akwai gidan da ake tsare bayin da ke tuƙa jiragen yaƙi, Musulmi ne akasarinsu, kuma daga cikinsu Tacca ya samo waɗanda ya kalla. Ɗaya daga cikin huɗun baƙar fata ne, kamanninsa ba sa ɓuya. Duk ilmin da aka tara tun daga Alberti, na ƙashi da tsoka da murɗewar kwankwaso, Tacca ya zuba shi a jikin waɗannan mutane, har aikinsa ya danne na sama nesa ba kusa ba. Ferdinando ya tsaya sandararre kamar tabarya, su kuwa kowace gaɓa tasu tana motsi. Mutanen Liborno ba sa kiran wurin da sunan Ferdinando. Suna ce masa “Larabawan nan Huɗu”.